Yadda Ake Ziyartar Babban Cocin Katolika na Jakarta, Maƙwabcin Masallacin Istiqlal

A tsakiyar Jakarta, babban birnin Indonesiya, titi ɗaya ne kacal ya raba babban cocin Katolika na birnin da Masallacin Istiqlal, wanda ya fi kowane masallaci girma a kudu maso gabashin Asiya. Ƙofar cocin tana kallon masallacin. Mutanen gari suna kiransa Gereja Katedral, yana kan titin Jalan Katedral mai lamba 7B a unguwar Pasar Baru, kuma tun 1901 ake ibada a cikinsa ba a daina ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mai ziyara ya riƙe tun daga farko: wuri ne da mutane ke addu'a a cikinsa kullum. Wanda ya tsara tafiyarsa bisa lokutan ibadar cocin da na masallacin zai ga komai cikin natsuwa. Wanda ya tafi kai tsaye ba shiri yakan tarar da ƙofa a tsare, ko cunkoson da ba zai bar shi ya ga komai ba.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin yadi da kayan sawa a kasuwar Tanah Abang ba su da nisa da wurin, rabin yini ya ishe su su je su dawo.

Kafin ka bar gida

Mai fasfon Najeriya sai ya samu biza kafin ya tashi, ba a ba shi ita a filin jirgi, kuma neman ta yakan ɗauki lokaci. Ka fara tun da wuri ta ofishin jakadancin Indonesiya da ke Abuja. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara a jakar hannu. Agogon Jakarta yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 6, shi ya sa a kwana biyun farko barci yakan kama baƙo da hantsi. Kada ka sa ziyarar a washegarin saukarka.

Damina a can tana farawa wajen Nuwamba ta kai Maris, ruwa ya fi ƙarfi a Janairu da Fabrairu, wani lokaci har da ambaliya a wasu unguwanni. Yawanci da rana tsaka ko da yamma ake tsugo shi. Wannan ma dalili ne na fita da safe.

Mataki na 1: Zaɓen rana da lokaci

Nan ne mafi yawan baƙi suke kuskure. Mafi dacewa shi ne Talata, Laraba ko Alhamis, tsakanin ƙarfe 9 zuwa 11 na safe. A lokacin an idar da Misa (babbar ibadar Katolika) ta asuba, ta yamma ba ta zo ba, haske yana shiga ta tagogi, kujeru kusan duk babu kowa.

Ranar Lahadi ana yin Misa bi da bi daga safiya har dare. Jama'ar wannan na fita, na waccan na shiga, ba a samun tazarar da mai kallo zai zagaya. Bugu da ƙari, da safiyar Lahadi ana rufe manyan titunan Sudirman da Thamrin ga motoci don masu motsa jiki, sai direba ya yi doguwar zagaye. Ranar Juma'a kuwa tun wajen ƙarfe 11 masallata ke fara cika unguwar, motoci da babura su toshe ko'ina har bayan an sauko. In kai Musulmi ne kana son samun Juma'a a Istiqlal, ka iso cocin da ƙarfe 9, ka gama kafin 10 da rabi, ka tsallaka ka yi alwala da wuri. Ranar Litinin yawancin gidajen tarihi na Jakarta a rufe suke, har da hasumiyar Monas da ke kusa, don haka tafiyar ba za ta cika ba. Ranar Asabar ana yawan ɗaura aure a cocin, kuma ba ya kyautuwa baƙo ya riƙa yawo da waya a tsakiyar bikin mutane.

A makon Ista da lokacin Kirsimeti jama'a sukan yi yawa har a kafa rumfuna a harabar, kuma wurin zama na cikin cocin akan tsara shi tun kafin ranar. Katolikan da ke son halartar waɗannan bukukuwa ya duba sanarwar cocin a shafinsu tun kwanaki kafin nan. Mai zuwa kallon gini kawai ya bari sai bayan bikin.

Mataki na 2: Hanyar zuwa

Tashar jirgin ƙasa mafi kusa ita ce Juanda, a layin da ya haɗa Jakarta Kota da Bogor. Daga Tanah Abang ka hau jirgin da zai bi ta Manggarai, ka sauka can, ka canja zuwa mai zuwa Jakarta Kota. Zai tsaya a Cikini da Gondangdia, ya wuce Gambir ba tsayawa, sannan Juanda. A kula da wannan: a taswira Gambir tana kusa, amma jiragen cikin gari ba sa tsayawa a can, ta jiragen doguwar tafiya ce. Daga Juanda tafiyar ƙafa ce ta minti 10 zuwa 15, masallacin ne za ka fara gani, hasumiyoyin cocin suna bayansa.

Ba a biyan kuɗin jirgi ko na bas ɗin TransJakarta da tsabar kuɗi a ƙofa, yawanci da kati ake biya. Ana sayen katin jirgi a tasha, ko katin banki irin su Flazz da e-Money a kantunan Indomaret da Alfamart, a loda masa kuɗi. Kowa da katinsa, domin ana taɓa shi a shiga a kuma taɓa a fita, mutum biyu ba sa wucewa da kati ɗaya. Taragon farko da na ƙarshe na mata ne zalla, namiji ya kiyaye.

In mota ka fi so, ka kira Grab ko Gojek ta waya, ko ka shiga tasin Bluebird mai mita. Ka rubuta "Gereja Katedral Jakarta" daidai, domin coci-coci suna da yawa a yankin, akwai ma wani tsohon cocin Furotesta mai suna Immanuel kusa da Gambir wanda baƙi kan rikita da wannan. A Indonesiya ana tuƙi ta hannun hagu ne, saboda haka in za ka tsallaka titi ka fara duba damanka. Wanda ya saba da titunan Najeriya ko Nijar idonsa hagu yake fara zuwa, kuma babura ba sa jira.

Mataki na 3: Sutura da abin da za ka riƙe

Ka sa tufafin da ya rufe kafaɗa da gwiwa. Kaftani, jallabiya, abaya ko zane da riga duk sun yi daidai, kuma su ne za su shigar da kai masallacin ba tare da an ba ka aron mayafi ba. Mace ba ta bukatar cire hijabi ko ɗankwali a coci. Namiji kuwa ya cire hula a bakin ƙofa, domin a al'adar cocin Katolika cire hula shi ne ladabin namiji. Takalmi ba a cire shi a coci, a masallaci ne za ka cire. Ka riƙe 'yar leda ta zuba takalmi, da ruwan sha, da laima, da kwafin fasfo.

Kada ka ɗauko babbar jaka. Akwai masu gadi a ƙofar harabar, kuma sukan duba kaya, musamman a lokutan bukukuwa. Wannan yana da asali: a jajibirin Kirsimetin 2000 an tayar da bama-bamai a coci-coci da dama a faɗin ƙasar, har da kusa da wannan, sannan aka kai hari coci-cocin Surabaya a 2018 da ƙofar babban cocin Makassar a 2021. Ka buɗe jakarka da kanka, ka gaishe su da "Selamat pagi, Pak" (barka da safiya, malam), ka ce kallo ka zo. Shiga kyauta ne.

Mataki na 4: Tsaya a waje tukuna

Kada ka yi saurin shigewa. Ka ja baya ka dubi fuskar ginin, domin rabin labarinsa a nan yake.

Kusan shekara 200 kamfanin Turawan Holan da ya mallaki Batavia, tsohon sunan Jakarta, ya hana Katolika yin ibada a fili. Sai a 1808, bayan siyasar Turai ta juya, limaman Katolika biyu, Nelissen da Prinsen, suka iso aka fara Misa a bainar jama'a. Ƙaramin cocin da suka samu a unguwar Senen ya ƙone a 1826. Aka mayar da wani gida a wannan fili coci a 1829, shi kuma ya rushe a ranar 9 ga Afrilu 1890, kwana uku bayan Ista. Wani Fada ɗan ƙungiyar Jesuit mai suna Antonius Dijkmans ya zana sabo aka fara gini a 1891, kuɗi suka ƙare aikin ya tsaya, shi kansa ya koma Holan. Marius Hulswit ne ya ci gaba a 1899, aka keɓe cocin a ranar 21 ga Afrilu 1901.

Da gani za ka ɗauka da dutse aka gina shi kamar manyan coci-cocin Turai. Jan bulo ne mai kauri aka yaɓe shi, aka zana masa layuka ya yi kama da sassaƙaƙƙen dutse. Kawunan hasumiyoyin kuwa ƙarfe ne da aka saƙa kamar raga. Tsibirin Java wuri ne na girgizar ƙasa, hasumiyar dutse mai wannan tsayi nauyinta zai zama haɗari, ta ƙarfe kuwa ba ta da nauyi, iska ma tana ratsa ta. Wannan ne ya bambanta ginin da waɗanda ya kwaikwaya, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kalla.

Hasumiyoyin gaba biyu kowace mita 60 ce. In kana fuskantar ƙofar, ta hagunka ita ce Hasumiyar Dauda, an yi mata siffar ganuwa. Ta damanka ita ce Hasumiyar Hauren Giwa, ita ce mai agogo. Sunaye ne da Katolika ke yabon Maryamu da su a addu'o'insu, domin da sunanta aka keɓe cocin, bisa imaninsu cewa an ɗauke ta zuwa sama. Ta uku, ƙarama mai mita 45, tana can baya a kan rufi, sunanta Angelus Dei. A tsakiyar babbar ƙofa akwai mutum-mutumin Maryamu, sama da shi kuma taga mai da'ira da gilashi mai launi.

Hoton ginin gaba ɗaya ba ya samuwa daga cikin harabar, ka yi kusa da yawa. Sai ka tsallaka ɓangaren masallacin. Da yake fuskar cocin yamma take kallo, da safe rana tana bayansa hoton ya yi duhu, da la'asar ne haske ke faɗa masa sosai. Don haka ka ga ciki da safe, ka ɗauki hoton waje in za ka koma.

Mataki na 5: Shiga ciki

Ka kashe ƙarar waya kafin ka taka ƙofa. Kusa da ƙofa za ka ga ɗan kwano da ruwa a ciki. Katolika suna tsoma yatsa su yi alamar gicciye don tuna baftismarsu. Wanda ba Katolika ba ya wuce shi kawai, ba na wanke hannu ba ne. Haka kuma za ka ga suna durƙusawa da gwiwa ɗaya kafin su zauna, suna fuskantar wani akwati a gaba da ƙaramar fitila ke ci kusa da shi, inda ake ajiye gurasar da aka keɓe. Ba a bukatar baƙo ya yi haka. Abin da ake so daga gare ka shi ne shiru da tafiya a hankali.

Malaman Musulunci sun yi saɓani kan shiga coci mai mutum-mutumi, wasu sun halatta in ba ibada za a yi ba, wasu sun karhanta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba zai iya tsayawa a harabar, ya ga ginin daga waje, ba wanda zai tambaye shi dalili.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka fara zama a kujerar baya na minti biyar, idonka ya saba da duhun wurin. Shimfiɗar ginin siffar gicciye ce, tsawonsa mita 60. Ka ɗaga kai: rufin da ke lanƙwashe a sama katakon tik ne, itace mai jure gara da laima, shi ma an zaɓe shi ne don rage nauyi. Daga nan ka bi ta gefe ɗaya ka dawo ta ɗayan, kada ka riƙa ratsa tsakiya kana kai da komo.

A jikin bango za ka ga hotuna 14 a jere, su ne Hanyar Gicciye, matakan wahalar Yesu kamar yadda Kirista suka yi imani, ana bin su ɗaya bayan ɗaya musamman a kwanakin azumin da ke gabatar Ista. A tsakiya akwai mumbari mai tudu da aka sassaƙa, da wani rufi mai kama da kwanson kifi a samansa. Kafin zuwan lasifika, wannan rufin ne ke mayar da muryar mai wa'azi zuwa ga jama'a. A gaba akwai bagadai uku, wato teburan da ake yin Misa a kansu. Na tsakiya, babban, daga wani cocin Jesuit na birnin Groningen a Holan aka kawo shi a 1956. Na hagu na Maryamu ne, na 1915, na dama kuma na Yusufu ne, na 1922. Ka nemi kuma mutum-mutumin Maryamu da aka yi cikin suturar matan Indonesiya, wanda suke kira Uwar Dukkan Kabilu. Yana nuna yadda cocin ya tashi daga na Turawan mulki ya zama na 'yan ƙasa, a ƙasar da Katolika suke kimanin kashi 3 cikin 100, Musulmi kuma kusan kashi 87.

Abubuwa uku ne suka fi jawo wa baƙo magana. Na farko, hawa matakalar da ke gaban babban bagade, wurin limamai ne da masu hidima. Na biyu, buɗe ƙofofin ƙananan ɗakunan katako da ke gefe, nan ne ake furta zunubi ga Fada a asirce, ko tsayawa kusa da su in akwai mutum ciki bai dace ba. Na uku, ɗaukar hoton mai addu'a a fuska. Hoton gini ba laifi in ba ibada ake yi ba, amma ban da walƙiyar kyamara, ban da kafa sandar ɗora ta ba izini. In kana shakka ka tambayi mai gadi, "Boleh foto?" ya isa.

In Misa ta riske ka a ciki

Kana da zaɓi biyu: ka fita a hankali kafin jerin limamai ya shigo, ko ka zauna a baya har a gama. Da harshen Indonesiya ake yin ta, ta ranar aiki takan ɗauki kamar rabin awa, ta Lahadi fiye da awa ɗaya. Katolikan da ya saba da Misa a Kaduna ko Jos zai gane kowane sashe ko bai ji harshen ba, tsarin ɗaya ne a duk duniya. Wanda ba Katolika ba, ko Musulmi ko Kiristan wata ɗarika, kada ya shiga layin karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasar da aka keɓe, na Katolikan da suka shirya masa ne kawai. Ka zauna a kujerarka, ka janye ƙafa a wuce. In jakar baiko ta zo gabanka ba dole ka saka komai ba, ka miƙa wa na kusa da hannun dama. A Indonesiya ma bayarwa da hagu rashin ladabi ne.

Mataki na 6: Gidan tarihi da harabar

A harabar akwai kogon Maryamu da aka gina da duwatsu, inda mutane ke kunna kyandir su yi addu'a ko da rana tsaka. Ka wuce ta bayansu. Gidan tarihin cocin, wanda aka kafa a 1991, yana da tsofaffin rigunan bishop-bishop, kofunan Misa, littattafan rajistar baftisma da aure na ƙarni na 19, da kayan tunawa da ziyarar Paparoma Paul na 6 a 1970 da John Paul na 2 a 1989. Lokutan buɗe shi sun fi na cocin gajarta, don haka ka tambaya tun a ƙofa da isowarka, in a buɗe yake ka fara da shi. Minti 30 zuwa 45 sun isa.

Mataki na 7: Tsallakawa Istiqlal

Shugaba Sukarno ne ya dage a gina masallacin ƙasa a nan, kusa da cocin, ya aza harsashinsa a 1961, aka buɗe shi a 1978. Wanda ya zana shi, Friedrich Silaban, Kirista ne ɗan wani fasto daga Sumatra. Faɗin kubbarsa mita 45 ne don tuna shekarar 'yancin kai, 1945, ginshiƙai 12 ne ke riƙe da ita don tuna 12 ga Rabi'ul Awwal, benaye biyar kuma suna nuni da shika-shikan Musulunci. Maƙwabtakar tana aiki a zahiri: ranar Kirsimeti da Ista masu zuwa coci suna ajiye motocinsu a filin masallaci, ranar Idi kuma masallata suna ajiyewa a na coci.

Akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa wuraren biyu, mai tsawon kimanin mita 28, sunanta Terowongan Silaturahim, wato hanyar sada zumunci. An gama ta a 2021. Paparoma Francis ya tsaya a bakinta tare da babban limamin Istiqlal, Nasaruddin Umar, a Satumbar 2024, Shugaba Prabowo kuma ya buɗe ta a hukumance a Disambar wannan shekarar. Ba koyaushe take a buɗe ga kowa ba, sau da yawa sai tare da ja-gora. Ka tambayi masu gadi a kowane ɓangare. In an ce a rufe take, ka tsallaka ta sama a inda aka zana wa masu tafiya a ƙasa, ka ɗaga hannu ka nuna wa direbobi tafinka kamar yadda mutanen gari ke yi.

Musulmi yana shiga masallacin kai tsaye, ya cire takalmi ya miƙa a wurin ajiya ko ya sa a ledarsa. Ka riƙe sunan ƙofar da ka shiga, domin ƙofofin suna da yawa, kowace da suna daga Sunayen Allah Kyawawa, kuma mutane da dama sukan fita ta wata su yi ta neman takalminsu. Wanda ba Musulmi ba ya je teburin baƙi ya yi rajista, za a haɗa shi da ja-gora ya kai shi bene ya hango babban zauren sallah daga sama. Ba a zagayawa da baƙi a lokacin sallah.

In da sauran ƙarfi, filin Lapangan Banteng yana gefen cocin, akwai inuwa da wurin zama. Kasuwar Pasar Baru, wadda aka kafa tun 1820, tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa arewa, can ake samun yadi da takalma da abinci. Yawancin abincin yankin halal ne, amma a wasu gidajen abincin 'yan asalin Sin ana dafa alade, kalmar da za ka lura da ita a jerin abinci ita ce "babi". Ka yi ƙoƙarin kama hanyar masauki kafin ƙarfe 4 na yamma, domin daga nan ma'aikata ke tashi, jiragen Manggarai su cika maƙil, tafiyar minti 20 a mota kuma ta koma awa guda.